Kurakuran masu ɗaukar hoton tsofaffin gine-ginenmu

Babban kuskuren masu ɗaukar hoton ganuwar Kano shi ne neman wurin da ya yi kyau kaɗai. Mutum zai tsaya gaban ƙofar da aka sake ginawa da siminti, ya kauce wa bola da ramin da aka haƙa ana ɗibar ƙasa, ya ɗauka ya sa a Facebook. Mai kallo sai ya zaci komai lafiya. Alhali ganuwar nan da aka fara tun zamanin Sarki Gijimasu, wajen shekara 900 ke nan, tana zaizayewa, gidaje da shaguna suna cin ta. Ka ɗauki ciwon da kansa: tsagewar bango, gindin da ruwa ya cinye har tubali ya fito fili, azarar da gara ta ci, indararon da ya karye ruwa ke bin jikin katanga. Wannan ne zai motsa mai unguwa ko hukumar kula da kayan tarihi.

Akwai kuma ɗauka sau ɗaya a tafi. Ginin ƙasa da damina yake mutuwa. A watan Agustan 2023 wani sashe na Masallacin Juma'a na Zariya, aikin Babban Gwani Muhammadu Durugu, ya rufta kan masu salla, aka rasa rayuka. A 2024 ruwan sama ya rusa tsohon masallacin Damagaram. Don haka ka ɗauka kafin ruwa ya sauka, ka koma bayan ya ɗauke, ka tsaya daidai inda ka tsaya da farko. Hotuna biyun nan a jere sun fi dogon surutu.

Rana tsaka tana shafe zane. Dagi da sauran adon bango sai da hantsi ko bayan la'asar suke fitowa, lokacin da haske ke zuwa daga gefe. A bar ƙara wa hoto launi har jar ƙasa ta koma kamar fenti.

Hoto babu suna, babu unguwa, babu kwanan wata, ba ya zama shaida. Rubuta su, ka kuma adana asalinsa, domin WhatsApp yana rage ingancinsa.

Yawancin tsofaffin gidajen ƙasa da mutane a ciki. Yi sallama a zaure, ka nemi izinin maigida, ka tambaye shi wane magini ya yi yaɓen ƙarshe, yaushe. Kuma don Allah kada ka hau kan ganuwa ko ka dafa zanko don neman wurin tsayawa, ƙasar da ta fara rugurgujewa ba ta ɗaukar nauyin mutum.