Kurakuran da aka fi yi a fayil ɗin .htaccess da yadda ake gyara su

Duk wanda yake kula da shafin intanet a kan sabar Apache, ko ba daɗe ko ba jima zai buɗe fayil ɗin .htaccess, domin a cikinsa ne ake gaya wa sabar inda za ta tura baƙo, da foldar da za ta kulle, da wanda za ta hana shiga. Apache tana karanta wannan fayil a duk lokacin da aka nemi wani shafi, saboda haka gyaran da aka yi yana fara aiki nan take ba tare da an sake kunna sabar ba. A cikin wannan sauƙi haɗarin yake, domin harafi ɗaya da ya kauce ya isa ya mayar da shafin gaba ɗaya zuwa saƙon kuskure mai lamba 500. A shekarun da na yi ina wannan aiki, mafi yawan ɓarnar da aka kawo mini ta samo asali ne daga layukan da aka kwafo daga wani wuri aka liƙa, ba tare da an san abin da kowane layi yake yi ba.

Kuskure na farko shi ne gyara da ka. Mutum ya ga 500, hankalinsa ya tashi, ya shiga goge wannan yana ƙara wancan, alhali sabar ta riga ta rubuta abin da ya dame ta a rajistar kurakurai. A Debian da Ubuntu ana samun rajistar a /var/log/apache2/error.log, a dangin Red Hat kuma a /var/log/httpd/error_log, masu amfani da cPanel kuwa suna da sashen kurakurai a allon sarrafa shafinsu. Layin ƙarshe na rajistar yakan ambaci fayil ɗin da umarnin da sabar ta kasa fahimta. Ya kamata a lura cewa umarnin apachectl configtest babban tsarin sabar kawai yake dubawa, ba ya leƙa .htaccess, don haka yana iya cewa komai lafiya alhali shafin yana kwance. Kafin a taɓa fayil ɗin a ajiye kwafinsa, a yi gyara ɗaya a gwada, sannan a matsa zuwa na gaba.

Wani lokaci kuma fayil ɗin ba ya aiki kwata-kwata. Tun daga Apache 2.4, wadda ta fito a 2012, umarnin AllowOverride yana zuwa ne a kan None, ma'ana sabar ba za ta ko kalli .htaccess ba sai an ba ta izini a babban tsarinta. Hanyar gwaji mai sauƙi ita ce a rubuta wata kalma marar ma'ana a saman fayil ɗin: idan shafin ya ba da 500, ana karanta shi, idan kuwa ya buɗe lami lafiya, to sabar ba ta san da zamansa ba. Haka nan Nginx, wata sabar daban da Apache, ba ta karanta .htaccess ko kaɗan, duk dokokinta suna cikin nata fayilolin tsari, kuma sai an gwada su da nginx -t an sake loda sabar. Akwai kuma wanda zai ajiye fayil ɗin a Windows ya zama .htaccess.txt bai sani ba, ko ya ƙirƙiri sabo ya danne tsohon saboda bai gan shi ba, tunda duk fayil ɗin da sunansa ya fara da ɗigo a ɓoye yake sai an nemi a nuna shi.

Inda aka fi shan wahala shi ne wajen tura baƙo daga wani adireshi zuwa wani. Lamba 301 tana nufin an ƙaura har abada, 302 kuma ƙaura ce ta ɗan lokaci, kuma burauza tana riƙe 301 a ma'ajiyarta. Wanda ya rubuta 301 zuwa adireshin da ba daidai ba, ko ya gyara fayil ɗin zai ga burauzarsa tana ci gaba da kai shi can, sai ya ɗauka gyaran bai yi ba ya ƙara dagula abin da ya riga ya daidaita. Abin da ya fi ciwo shi ne baƙin da suka shigo a wannan tsakanin, domin ba shi da ikon share ma'ajiyar wayoyinsu. Shawarata ita ce a fara kowane gwaji da 302, a duba amsar sabar da umarnin curl -I, wanda yake nuna amsar kai tsaye ba tare da ma'ajiya ba, maimakon burauza, sai an tabbatar sannan a mayar da shi 301.

Na taɓa kwana a kan shafin wata makaranta ana jajibirin fitar da sakamakon jarrabawa. Shafin ya ƙi buɗewa, Chrome yana nuna ERR_TOO_MANY_REDIRECTS, ga iyaye suna ta kiran ofis. Dokar da ke cikin fayil ɗin daidai take a ido: duk wanda ya zo ta http a tura shi https. Abin da ba a lura da shi ba shi ne an ɗora shafin a bayan Cloudflare, sabis ɗin da ke shiga tsakanin baƙo da sabar, a kan tsarin Flexible, wanda a cikinsa baƙo yana magana da Cloudflare ta https, ita kuma tana magana da sabar ta http. Sabar tana ganin http sai ta ce a koma https, buƙatar ta sake dawo mata ta http, haka aka yi ta zagaye har burauza ta gaji ta tsaya. Gyaran ya kasance sanya takardar shaidar tsaro a kan sabar da mayar da tsarin zuwa Full, kuma inda hakan bai samu ba ana iya sa dokar ta dubi X-Forwarded-Proto, bayanin da Cloudflare ke aikowa kan hanyar da baƙo ya shigo, maimakon yadda buƙatar ta iso wa sabar. Irin wannan zagaye yana faruwa kuma idan .htaccess yana cire www daga adireshi, saitin WordPress kuma yana mayar da shi.

Dokokin RewriteRule, waɗanda ake sauya adireshi da su, suna da tarkuna uku da suke kama har ƙwararru. A cikin .htaccess sabar tana cire alamar / ta farkon adireshi kafin ta gwada shi, saboda haka ^/labarai ba zai taɓa dacewa ba, ^labarai ne daidai, ko da yake a babban tsarin sabar akasin haka ne. Na biyu, RewriteRule ba ya ganin abin da ya biyo bayan alamar tambaya a adireshi, sai an nemo shi da RewriteCond, umarnin da ke gindaya wa doka sharaɗi, ta hanyar QUERY_STRING. Na uku, alamar L ba ta kawo ƙarshen aiki yadda mutane suke zato, domin bayan an sauya adireshin sabar tana sake bi ta kan fayil ɗin daga sama, kuma idan dokar ta sake kama sabon adireshin za a yi ta maimaitawa har sau goma sannan a ba da 500. A 2.4 alamar END tana yanke wannan maimaitawa. A kuma tuna cewa RewriteCond doka ɗaya kawai yake rufewa, wato wadda take biye da shi.

Masu WordPress suna yawan rubuta dokokinsu tsakanin # BEGIN WordPress da # END WordPress, manhajar kuwa tana sake rubuta wannan sashe idan aka adana saitin adireshi, sai aikin ya ɓace. A sa dokokin tura baƙo a sama da wannan sashe, domin dokar ƙarshe ta WordPress tana kwashe duk buƙatar da ba ta dace da wani fayil ko folda ba ta miƙa wa index.php, abin da aka rubuta a ƙasa sau da yawa ba a isa gare shi.

Tsofaffin umarnin Order, Allow da Deny, na ba da izinin shiga ko hanawa, na Apache 2.2 ne. A 2.4 an maye gurbinsu da Require, misali Require all denied, kuma tsofaffin ba sa aiki sai an kunna mod_access_compat, gauraya su da sababbi kuwa yana iya barin ƙofar da aka zaci an kulle a buɗe. Haka php_value, umarnin sauya saitin PHP, yake jawo 500 a sabar da ke gudanar da PHP ta hanyar PHP-FPM, inda wurin irin wannan saiti shi ne .user.ini. Mutane sukan naɗe komai cikin IfModule, wanda ke sa a bi doka kawai idan manhajarta tana nan, domin guje wa 500, amma a dokar tsaro wannan mugun magani ne, domin idan manhajar da dokar ta dogara da ita ba ta nan, sabar za ta tsallake dokar shiru, mai shafi yana barci da tunanin ya kulle.

Akwai kuskuren da ya shafe mu masu rubutu da Hausa kai tsaye. Idan sabar ta sanar da burauza cewa rubutun ISO-8859-1 ne alhali an adana shi da UTF-8, haruffanmu masu lanƙwasa suna wargajewa, sai kalmar ƙasa ta fito Æ™asa. Mai shafi zai nuna maka cewa ya rubuta UTF-8 a saman shafinsa, amma abin da sabar ta aiko a kan amsarta shi burauza take fifitawa. Layi ɗaya, AddDefaultCharset UTF-8, yakan warware matsalar, muddin ba a rumbun bayanai rubutun ya lalace ba. Ina jin takaicin ganin an daina rubuta ɓ da ɗ da ƙ a wasu shafuka saboda abin da layi ɗaya zai gyara. Shi kansa .htaccess a adana shi da UTF-8 marar alamar BOM, domin Apache tana ɗaukar waɗannan ɓoyayyun bayit uku a matsayin wani ɓangare na umarnin farko ta ƙi shi, kuma kada a rubuta shi a Word, wadda take sauya alamomin zance zuwa masu lanƙwasa. Bayanin da aka fara da # kuma ya zauna a layinsa shi kaɗai, kada a liƙa shi a ƙarshen umarni.

Ta fuskar tsaro, izinin fayil ɗin ya zama 644, wato mai shi kaɗai ke iya gyara shi, kada a ba shi 777, wanda ke ba kowa damar gyara shi, da sunan magance wata matsala, domin masu kutse suna son .htaccess ƙwarai wajen karkatar da baƙi zuwa shafukan damfara. A ajiye .htpasswd, fayil ɗin kalmomin sirri, ba a cikin foldar da jama'a suke gani ba, a sa Options -Indexes domin kada sabar ta baje sunayen fayilolin foldar da ba ta da shafin farko. Umarnin HSTS kuwa, wanda ke tilasta wa burauza shiga ta https kaɗai, a fara shi da ɗan gajeren wa'adi, kamar daƙiƙa 300, domin wanda ya rubuta 31536000 ya ɗaure burauzar baƙinsa ga https na shekara guda cur, kuma idan takardar shaidar tsaronsa ta ƙare a cikin wannan lokaci, burauza ba za ta ba su zaɓin wucewa su shiga ba har sai ya sabunta ta.