Yadda Za Ka Riƙe Yaronka Idan Bai Samu Matsayin da Yake So a Diramar Makaranta Ba

Na daɗe ina kula da ƙungiyar wasan kwaikwayo a makarantar da nake koyarwa, kuma ranar da ta fi min nauyi ita ce ranar liƙa sunaye. Kowane yaro sarki yake son fitowa, kowace yarinya amarya, sarki kuwa ɗaya ne. Sauran su ne dogarai da 'yan kasuwa da maƙwabta, wani ma aikinsa jan labule. Abin da na lura shi ne, yawancin yaran da suka daina zuwa gwaji bayan wannan rana, a gida aka kashe musu gwiwa.

Daren farko, ka kama bakinka. Nan iyaye suka fi ɓarna, ni ma nan na yi tawa. 'Yata tana aji biyar a tasu makarantar ta dawo ta yar da jaka a bakin ƙofa, ta shige ɗaki ko abinci ba ta kalla ba. An ba ta mai tallar goro, magana ɗaya tak za ta yi. Sai na ce, "To mene ne abin kuka? Wasa ne fa." Mako biyu ba ta sake yi min zancen dirama ba. Daga baya mahaifiyarta ta gaya min cewa ta yi makonni tana haddace maganganun amarya a gaban madubi, har gyalen da za ta yafa ta ware, ta kuma faɗa wa ƙawayenta. A wurinta abin ya wuce wasa.

Saboda haka ka bari ya ci abinci, ka zauna kusa da shi, ka yi tambaya biyu kawai: "Wa aka ba?" da "Kai me aka ba ka?" Sai ka yi shiru. Zai ce Malam ya yi son kai. Kada ka gaskata shi, kada kuma ka ƙaryata shi a lokacin. Kalmar da na fi ƙi ita ce "ai ka fi shi iyawa", domin gobe da ita zai shiga aji yana hararar abokinsa. Nasihar haƙuri tana da lokacinta, ka ajiye ta sai gari ya waye, zuciya ta sauka.

Kada ka taka zuwa makaranta. Ko waya kada ka yi. In malami ya ji nauyinka ya sauya suna, kafin a tashi tara yara sun sani, kuma ɗanka ya zama ɗan alfarma har ƙarshen zango. Bayan kwana biyu ka tura shi da kansa ya ce, "Malam, me zan gyara?" Wannan tambaya ba ta taɓa ɓata min rai ba, kuma yaron da ya yi ta ba na manta shi. Amsar ba ta wuce abu uku: muryarsa ba ta kaiwa baya, ko yana juya wa 'yan kallo ƙeya, ko dariya tana kuɓuce masa.

Ku gyara a gida. Ka tsaya a zaure, shi yana tsakar gida, ya faɗi maganarsa har ka ji kowace kalma ba tare da ya yi ihu ba. Kada ya dogara da lasifika, ana iya ɗauke wuta ana tsakiyar wasa. In azumi ya zo, ka bar shi ya bi yaran unguwa tashe daga goma ga wata, muddin akwai babba a tare da su. Yaron da ya manna gemun auduga ya tsaya gaban mutane a ƙofar gida ya rage jin kunyar taro. Kada kuma ka raina ƙaramar ƙungiya: masana'antar finafinan Hausa ta Kano daga ƙungiyoyin dirama irin su Tumbin Giwa ta tsiro wajen 1990.

Ya je kowane gwaji, ko da maganarsa ɗaya ce. Dokata ce wannan. Yana zaune yana sauraro zai haddace ta wasu ba tare da ya sani ba. Bikin ba da kyaututtuka yakan faɗo ƙarshen zango na uku, cikin damina, lokacin da zazzaɓin cizon sauro ke kwantar da yara, kuma idan mai babban matsayi ya kwanta, wanda bai taɓa fashi ba nake fara dubawa. Sai dai kada ka yi masa alkawarin haka, kada kuma ya zauna yana fatan wani ya yi ciwo.

Batun kaya, ban ga dalilin zuwa wurin tela saboda fitowar minti biyu ba. Tsohuwar babbar riga da rawanin aro sun isa.

Ranar wasa ka je, ka zauna inda zai hango ka. In ya manta maganarsa kada ka ɗaga murya ka tuna masa, akwai mai yin wannan a bayan labule. A hanyar gida ka ambaci abu ɗaya da ka gani da idonka, kamar yadda ya durƙusa ya ce "ranka ya daɗe" har na baya suka ji, sannan ka tambaye shi yaushe Malam zai sake ɗaukar sunaye.