Kurakuran da ke karya ƙaramin jirgin da aka ƙera a gida, da hanyoyin gyara su

A Bauchi ba a rasa matasan da ke burin ƙera ƙaramin jirgin sama da hannunsu, daga ɗaliban injiniya na Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa har zuwa masu walda a bakin titi. Burin mai kyau ne, domin ko Air Beetle, jirgin da rundunar sojin saman Najeriya ta horas da matuƙa da shi a Kaduna, asalinsa samfurin RV-6A ne wanda mutane ke haɗawa a garejin gidajensu a Amurka. Abin da ke damuna shi ne ɗabi'un da muka saba da su a wurin gyaran mota, waɗanda suke wucewa lafiya a ƙasa amma suke hallaka mutum a sama.

Kuskuren farko shi ne musanya kayan aiki. Na taɓa ganin wani ƙanena riƙe da notin da ya saya a kasuwa, yana gwada shi da wanda zanen jirgin ya ambata, yana ce mini: "Yaya, ai kaurinsu ɗaya." Kauri ɗaya ne, amma ƙarfe ba ɗaya ba. Idan zane ya ce bututun ƙarfe mai lamba 4130 ko alminiyom mai lamba 2024-T3, to bututun ruwa ko kwanon rufi ba za su tsaya a madadinsa ba. A sayi abin da aka rubuta tare da takardar shaidarsa, ko kuma a dakata da aikin har a same shi.

Na biyu, wanda ya fi yaudara, shi ne ƙara ƙarfe domin jirgi "ya yi ƙwari". Duk wurin da aka ƙarfafa ba tare da lissafi ba, nauyin da yake ɗauka yana komawa wurin da ke kusa da shi, wanda ba a shirya masa ba. Haka ma jibga fenti a kan faifan juyi da ke bayan fiffike yana ɓata daidaiton nauyinsa, kuma daga nan ne karkarwar fiffike take farawa, wadda kan yage shi cikin 'yan daƙiƙoƙi kafin matuƙi ya rage gudu. Wannan karkarwar ce hukumar binciken haɗurran sufuri ta Amurka ta zarga a watan Afrilun 2009, lokacin da ta nemi a dakatar da samfurin Zodiac CH 601 XL bayan jirage 6 sun wargaje a sama, mutum 10 sun rasu. Ita ce kuma ta kashe Steve Wittman, gwanin ƙera jirage mai shekara 91, tare da matarsa a 1995, bayan yadin da ya lulluɓe fiffiken jirginsa ya saki saboda ba a manna shi bisa ƙa'ida ba. Don haka a sake auna daidaiton kowane faifai bayan fenti, a ɗaure wayoyin sarrafa shi gwargwadon ma'aunin da zane ya bayar.

Yanayinmu ma yana da nasa hukunci. Zafin bazara yana tausasa gam idan jirgi ya yini a rana, shi ya sa ake shafa wa jiragen da aka haɗa da gam farin fenti, hunturu kuma yana tsage katakon da bai bushe daidai ba.

Kuskuren da na fi jin tsoro shi ne tashi ba tare da gwada fiffike a ƙasa ba. Jirgin da ya karkata digiri 60 yana juyi, fukafukansa suna ɗauke da ninki biyu na nauyinsa, kuma ƙa'idar ƙananan jirage ita ce su jure ninki 3.8. Ke nan jirgi mai kilo 500 yana buƙatar fukafukan da za su ɗauki kilo 1,900 ba tare da sun lanƙwashe sun ƙi komawa ba. Wanda ya zana jirginsa da kansa sai ya kife fiffiken, ya jera masa buhunan yashi da aka auna ɗaya bayan ɗaya, yana rubuta yadda yake sauka, sannan ya sauke su ya duba ko ya koma daidai. Bayan haka ya kira ƙwararren injiniyan jirage ya duba kowace mahaɗa kafin a rufe ta, ya nemi izinin hukumar kula da sufurin jiragen sama ta ƙasa, kuma kada ya ɗauki kowa a sa'o'in gwaji na farko, waɗanda a Amurka yawanci sa'a 40 ne.