Idan Rajistaran Kotu Ya Ƙi Karɓar Takardunka

Aikin rajistara shi ne ya duba takarda, ya yanka kuɗin shigarwa, ya buga hatimi da kwanan wata. Ko ƙara tana da tushe ko babu, wannan hurumin alƙali ne. Amma sau da yawa mutum zai zo ofishina da takardu a naɗe, wai an ce masa a kanta "wannan ba za ta shiga ba", shi kuma ya juyo.

Fara da duba ko gyaran daga wajenka yake. Babu sitamfin ƙungiyar lauyoyi, kwafi bai cika ba, ko ba a rantse a kan takardar rantsuwa ba? Gyara ka mayar, ya fi araha.

Idan komai ya cika, ka ce wa rajistaran cikin ladabi: "Ranka ya daɗe, a taimaka a rubuta mini dalili." Da wuya ya rubuta. To kai ka rubuta, ranar nan, zuwa ga Babban Magatakardan kotun: ga takardun da na kawo, ga rana da lokaci, ga abin da aka ce mini, ina neman a karɓa. Ka tabbata an buga hatimin karɓa a kwafinka. Kada ka raina wannan wasiƙa. Umarnin kotu da za ka nema in an ƙi, wanda lauyoyi ke kira mandamus, na tilasta wa jami'in gwamnati yin aikin da doka ta ɗora masa ne, kuma sai ka nuna ka nema an ƙi. Da baki kawai, gobe za a ce ba a taɓa ganinka ba.

In wasiƙa ba ta yi ba, sai kotu. A Babbar Kotun Tarayya, Oda ta 34 ta ƙa'idojin 2019 ce ta tsara hanyar: ka fara neman izinin alƙali ba tare da an kira ɗaya ɓangaren ba, da takardar bayani da ta rantsuwa, cikin wata 3 daga ranar da aka ƙi. In an ba ka izini, sannan a kai wa rajistara sammaci. Kotunan jihohi kowacce da ƙa'idojinta, ka duba na jiharka.

Abin dariya, wannan buƙatar ma ta ofishin rajistara za ta bi. Shi ya sa nake aika wa Babban Joji kwafin wasiƙar tun farko.

Kuma wa'adin ainihin shari'arka bai tsaya jiranka ba. Ɗaukaka ƙara daga babbar kotu kan hukuncin tsakiyar shari'a kwana 14 ne kacal. In ya wuce, sai ka nemi ƙarin lokaci, ka haɗa da wasiƙar nan a matsayin hujja.