Yadda alƙalin wasa zai kashe wutar tsokana a ƙwallon yara

Rigima a wasan ƙwallon yara ba kasafai take farawa da duka ba. Da baƙar magana take somawa, ko taka ƙafa da gangan lokacin da ƙwallo take nesa, kuma wanda idon alƙali ya fi kamawa shi ne yaron da ya rama. A wasan ƙarshe na kofin duniya na 2006 a Berlin, Zidane ne ya sami jan kati bayan ya tunkuyi Materazzi a ƙirji, shi kuwa wanda ya tsokane shi ya ƙarasa wasan. Idan zuciya ta ɗebi mai shekara 34, ina ga ɗan shekara 14 da ke bugawa a gaban yayyensa, ranar da unguwar Birni ta haɗu da unguwar Zango a Damagaram?

Saboda haka aikin yana farawa tun kafin a busa usur. Ka tara kyaftin biyu da masu horarwa, ka gaya musu a fili cewa zagi da cin mutunci jan kati ne a Doka ta 12 ta IFAB, hukumar da ke tsara dokokin ƙwallon ƙafa, ko da ba a taɓa kowa ba.

Idan an fara wasa, kada idonka ya bi ƙwallo kaɗai. Bayan an yi karo, ka ɗan tsayar da kallonka a kan yaran biyu, domin a wannan ɗan lokacin ne ake bugu da gwiwar hannu da raɗa a kunne. Da zarar ka ji tsokanar farko, ka jira ƙwallo ta fita, ka kira yaron gefe ka ce masa: "Lamba shida, na ji abin da ka faɗa, kada ka sake." Kowa ya ga an ja masa kunne, amma kada kowa ya ji kalamanka, domin yaron da aka kunyata a bainar jama'a kan nemi inda zai huce.

Sai dai a Damagaram dole ka san bambancin raha da cin fuska. Babarbare da Bafulatani za su iya zolayar juna suna dariya, wannan wasa ne da aka gada. Ka dubi fuskar wanda aka zolaya. In ta canza, ko aka ambaci iyaye, ko asali, ko wata naƙasa, to an wuce wasa.

Idan ramuwa ta riga ta auku, ka hukunta su biyun gwargwadon laifin kowa, matuƙar ka gani ko ka ji, ko mataimakinka ya tabbatar maka. Korar wanda ya rama shi kaɗai, a ganina, koya wa yara ne cewa tsokana tana da riba. Tun 2017 dokoki sun yarda a fitar da yaro na ɗan lokaci a wasannin matasa, kamar minti 10 a wasan minti 90, in tsarin gasar ya amince da hakan.

In rikici ya game fili, kada ka shiga tsakiya kana jan yara. Ka busa usur da ƙarfi, ka ja da baya inda za ka ga kowa, ka rubuta lambobi, masu horarwa su janye nasu. Mai horarwar da ke zuga yara ma ana nuna masa kati tun 2019. Bayan an tashi, ka rubuta wa masu shirya gasar kalaman da aka furta da lambar wanda ya fara, domin su san matakin da za su ɗauka kafin ƙungiyoyin su sake haɗuwa.