Kurakuran da aka fi yi a hoton sismik na dutse mai gudu biyu

Bakina ya gaji da faɗa wa sababbin shiga aikin sismik, wato ɗaukar hoton ƙarƙashin ƙasa da igiyar girgiza, abu ɗaya: don layukan igiyar da ta dawo muku sun miƙe sak bayan gyaran NMO (gyaran da ke cire jinkirin da tazarar mai harba igiya da mai karɓarta ke jawowa), ba shi ne zurfinku ya yi daidai ba. A dutsen shel, wato lakar da ta daskare ta zama dutse, igiyar girgiza ta fi gudu a kwance bisa ga a tsaye, saboda yadda laka ta kwanta faifai-faifai. Gudun da kuka tsinta daga bayanan saman ƙasa ba shi ne gudun tsaye ba. Tun 1986 masani Leon Thomsen ya ba ma'aunan wannan bambancin gudu sunayen haruffan Girka: efsilon, delta da gama. Idan delta ta kai 0.1, gudun NMO ya ɗara na tsaye da kusan kashi 10 cikin ɗari. A zurfin mita 3000, kun ƙara wa shimfiɗar dutsen zurfin kusan mita 300 ke nan.

Ni ma na sha wannan ɗacin. Na ba masu haƙa zurfi ina bugun ƙirji, sai ga bakin injin ya faɗa cikin yashin tun ba a sauke bututun kariya ba. Da tsakar dare aka tashe ni a waya, kuma har yau ina jin muryar mutumin. To, ku ji da kyau: igiyar P (igiyar matsi, wadda ta fi sauri) da aka auna daga saman ƙasa ita kaɗai ba ta ba da delta. Sai da rijiya. Ni ba na sa hannu a kan zurfi sai na gwada shi da cekshot ko VSP, wato awon igiyar da na'urar da aka zura cikin rijiya, ko da rijiyar tana can nesa.

Na biyu kuwa ragwanci ne tsagwaronsa. Mutum ya ga layukan nesa sun lanƙwashe sama, sai ya datse su, wai hayaniya ce. Haba malam! Nan ne eta take, wato ma'aunin da ya dogara da bambancin efsilon da delta, wadda masana Alkhalifah da Tsvankin suka fito da ita a 1995. Tana bayyana ne idan tazarar mai harbawa da mai karɓa ta kai zurfin ko ta wuce shi. Ka yanke, ka zubar da shaidarka da hannunka.

Kada ku ɗauka efsilon da delta daidai suke don neman sauƙi. A shel, efsilon ce yawanci ta fi girma. Inda shimfiɗu suka karkata, kamar a gefen dutsen gishiri, ku karkatar da ginshiƙin lissafin ya bi karkatar shimfiɗun, abin da ake kira TTI, in ba haka ba tsagar da ke cikin dutsen za ta fito a gefen da ba nata ba. Idan kuma gudun yana sauyawa da kun juya daga arewa zuwa gabas, ku fara zargin tsage-tsage na tsaye kafin ku zargi na'ura.