Yadda ɗalibin da ke fama da fargabar shiga mutane zai nemi aikin 'yan sa'o'i

Fargabar shiga mutane ta wuce kunya. Mai kunya yakan saki jiki bayan 'yan mintoci. Mai wannan lalura kuwa tun ana saura kwana uku a gana gabansa ke faɗuwa, ranar ta zo tafin hannunsa ya jiƙe da gumi, baki ya bushe, murya ta riƙa rawa, kuma babban abin da ke cin ransa shi ne kada a lura a raina shi. Yawanci takan fara ne tun mutum yana ɗan shekara goma sha wani abu, kuma likitoci kan ɗauke ta a matsayin ciwo idan ta kai wata 6 tana hana mutum harkokinsa. Ɗalibai da yawa kan ce bari tsoron ya wuce tukuna kafin su nemi aiki. Jiran ne ke ƙara masa ƙarfi, domin duk lokacin da ka kauce ka ji sanyi a ranka, ƙwaƙwalwa takan ɗauka gudun ne ya cece ka, gobe ma sai ta ce ka gudu. Saboda haka da tsoron za a fara, amma daki-daki.

Da farko ka ɗauki takarda ka rubuta abubuwan da neman aiki ya ƙunsa, ka ba kowanne maki daga 0 zuwa 100 gwargwadon yadda yake tayar maka da hankali. Wataƙila tura imel ya ci 20, tambayar malami ya tsaya maka ya ci 45, amsa kiran baƙuwar lamba 65, zama gaban masu ɗaukar aiki 90. Ka fara da na ƙasa, ka maimaita shi har makinsa ya sauka, sannan ka hau na gaba.

Sai zaɓen aikin, kuma a nan aka fi yin kuskure. Kada ka tambayi kanka ko akwai mutane a wurin. Ka tambaya wace irin magana ake yi da su. Magana iri biyu ce: wadda ka san ta tun kafin a fara, da wadda sai ka ƙirƙiro ta nan take. Mai karɓar kuɗi a kanti yana ganin mutane da yawa a wuni, amma kalmominsa ba su wuce gaisuwa, faɗin kuɗi da godiya ba, kuma kowane mai saye minti ɗaya ko biyu yake yi ya wuce. Wannan ya fi sauƙi ƙwarai a kan tallan kaya da sai ka shawo kan mutum kafin a biya ka, ko zama a teburin karɓar ƙorafi. Ayyukan da suka dace da farawa sun haɗa da jera littattafai a laburare, jera kaya a kanti, shigar da bayanai a kwamfuta, taimakawa a ɗakin gwaje-gwaje, da koyar da yaro ɗaya darasin da ka iya. Aikin da ake yi daga ɗaki ta intanet yana da daɗi, amma in shi kaɗai ka riƙe, za ka samu kuɗi, tsoron kuma yana nan inda ka bar shi. Gara wanda ya ɗan fi ƙarfinka kaɗan.

Ka duba jadawalin karatunka kafin ka yi alkawari. Awa 10 zuwa 15 a mako ya ishi mai farawa, domin mu'amala da mutane tana gajiyar da mai fargaba fiye da yadda take gajiyar da wasu. In a wata ƙasa kake karatu, ka karanta sharaɗin bizarka: a Birtaniya ɗalibin digiri ba ya wuce awa 20 a mako lokacin zangon karatu, a Amurka ma awa 20 ne, kuma a cikin harabar makaranta.

Takardar bayaninka shafi ɗaya ta isa. Ka rubuta abin da kake karantawa, abin da ka iya, da ranakun da kake da sarari. Ka ware rana biyu a mako, ka tura wurare uku, ka karanta kowace takarda sau biyu kawai ka aika. Wanda ya tsaya gyara har sau goma, gudu yake yi da sunan gyara. Yawancin wurare ba za su amsa ba, haka suke yi wa kowa. Duk wanda kuma ya ce ka biya kuɗi kafin ya ba ka aiki, ka rabu da shi.

In aka kira ka ganawa, tambayoyi uku kusan ba sa fashi: ka gabatar da kanka, me ya sa kake son aikin, yaushe kake da lokaci. Kada ka haddace amsa kalma da kalma, domin da ka manta guda ɗaya sauran za su watse. Ka riƙe ma'ana biyu ko uku ga kowace tambaya, ka faɗe su da murya a bayyane sau uku ko huɗu, ko da wayarka ce ke naɗa. Ka je ka ga wurin kwana ɗaya kafin ranar. Ka isa saura minti 10, ba awa guda ba, don dogon zama yana ba tunani damar yawo. Ka rage kofi da lemon ƙara kuzari a ranar, suna ƙara bugun zuciya da rawar hannu. Kana jira, ka ja numfashi kana ƙirga huɗu, ka sake shi kana ƙirga shida.

A 1995 masanan halayyar ɗan Adam, David Clark da Adrian Wells, suka bayyana abin da ke faruwa a irin wannan zama: mai fargaba yakan juya hankalinsa gaba ɗaya kan kansa, yana sauraron muryarsa, yana auna gumin goshinsa, har ya ɗauka yadda yake ji a ciki haka ake ganinsa a waje. Alhali abin da ya fito fili bai kai yadda yake zato ba. Maganin shi ne ka mai da hankali waje. Ka saurari tambayar har ƙarshenta, ka lura da kalmar da mai tambayar ya nanata. In kanka ya ɗauke, ka ce, “Ku ɗan ba ni lokaci in yi tunani.” Shiru na daƙiƙa biyar a wurinka ne yake da tsawo. Ba dole ba ne ka faɗi lalurarka. In akwai buƙata, ka nemi takamaiman abu, kamar a rubuta maka umarnin aiki a makon farko.

Bayan ka fito, zuciya za ta so ta kwana tana bitar kowace kalma. Ka ba ta minti 10: rubuta abu biyu da suka tafi daidai da ɗaya da za ka gyara, ka rufe takardar.

Ranakun farko a bakin aiki su ne mafi nauyi, don haka kada ka yanke shawarar bari kafin mako biyu su cika. Ka riƙe ƙaramin littafi a aljihu na sunaye da matakan aiki, ka tara tambayoyinka uku ka kai wa shugabanka lokaci ɗaya, ka gaida mutum ɗaya da sunansa kullum. Idan kuwa fargabar ta kai ga hana ka barci, ko kana fashin aji, ko ka kasa wuce matakan ƙasa bayan makonni, ka je sashen ba da shawara na makarantarku ko wurin likita, ka tambayi maganin da ake kira CBT, wanda ake yi ta hanyar tattaunawa da gwaji a aikace. Ka tafi da takardar nan mai maki, da ita za ku fara.